Iska Mai Tozo

Wani mutum ne a Birnin Kabi, tun muna cikin Jihar Sakkwato, sana'arsa awon shinkafa. Kullum da safe sai ya tafi Argungu ya saro, ya dawo kasuwa ya shimfiɗa tabarma. A wajen awo kam ba a ƙwace masa. In ya auna maka mudu sai ya yi tozo, ya kare bakin da hannu ya ƙara tulawa, in ka ce an gode ya isa, ya sake ɗebo hannu guda ya watsa maka gyara. Amma fa shi ma in ya je saye, ko allura ce sai an yi masa gyara.

Yana da mota. To, mota dai. Tsohuwa ce, ko launinta ba a taɓa samun mutum biyu sun yarda a kai ba, wani ya ce toka, wani ya ce ƙasa. Kullum tana tashi, ta kai shi, ta dawo da shi, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Aibinta ɗaya, ba ta san sauri ba. In ta kama hawa sai ta dinga nishi kamar mai naƙuda. Mata masu tallan nono sukan gaisa da shi ta taga, su tambayi mutanen gida, su tambayi kasuwa, su yi sallama, shi kuwa bai taka birki ba.

Surukinsa Malam Dankure tsohon masunci ne a Argungu, ya aurar da ɗiya biyu a Birnin Kabi. Babbar tana gidan Alhaji Maiwada, mai sabuwar mota fara fat. Autar, Hajaratu, ita ce matar mutuminmu. Sau ɗaya tak tsoho ya taɓa shiga motar mutuminmu. Ya ce ya shiga da sabon aski, da suka iso sai da ya nemi wanzami. Tun daga ranar, in zai zo Birni, Alhaji Maiwada ke ɗauko shi. Abin nan yana cin mutuminmu, har ya rage cin tuwo.

Ana haka sai ɗaurin auren ɗan ƙanen tsoho ya taso a unguwar Makera, nan cikin Birni, tsoho shi ne wakilin ango, in bai zo ba babu aure. Hajaratu ta je Argungu ta yi ta roƙo, ta yi ta roƙo, don dai auta ce, har tsoho ya gaji.

Ya ce, "To, Auta, na jiya. Mai gidanku shi zo shi ɗauke ni. Amma ki hwaɗa mishi, in ya makarad da ni, ba ni ƙara shiga motar ga har Allah Ya karɓi abinai."

Da saƙo ya iso, mutuminmu bai ko zauna ba, sai garejin Kalilu makanike.

"Kalilu, so nike motar ga ta yi gudu."

Kalilu ya fito daga ƙarƙashin wata a-kori-kura, ya dubi motar, ya dubi mai ita.

"Sai da ta ka sayi wata."

"Ban da wannan."

"To kai ta bisa tudun Dukku ka sake ta."

"Kalilu, maganar suruki ce hwa."

Da jin an ce suruki sai Kalilu ya bar wasa, don shi ma yana da nasa. Ya sosa ƙeya. Can sai ya ja mutuminmu bayan gareji, gindin wata bishiyar bedi, inda wani ƙaton ƙarfe yake kwance, kaza ta yi ƙwai a bakinsa. Ya ce a jikin wani injin masu aikin titi ya kwance shi, sunansa bulowa.

"Mi takan yi?"

"Ka san zugazugin maƙera? To ita ke nan. Inji wuta ce. Wagga tana tura mishi iska da ƙarhi, wuta ta ƙara ruruwa, mota ta ƙara gudu."

"Ka taɓa sa ma ƙaramar mota?"

"Ban taɓa ba. Amma ita ma ba ta taɓa hana ni ba."

Aka kori kaza, aka kwashe ƙwai, aka shiga aiki. Bulowa ta ƙi shiga cikin bonet, sai da Kalilu ya yanka rami a saman, ta leƙo waje kamar an ɗora wa motar tukunya. Ya ja bel daga inji zuwa jikinta. A gaban sitiyari kuma ya ɗaure wani agogo mai allura ɗaya, fuskarsa kashi uku, kore, rawaya, ja.

Sannan ya jera fuli uku a ƙasa, wato 'yan ƙafafun ƙarfen da bel ke juyawa. Ɗaya kamar faifai, ɗaya kamar murfin kwano, ɗaya kamar bakin kofin shayi. Kalilu bai ko buɗe baki ba mutuminmu ya taka babban da ƙafa.

"Wanga."

"Madalla!" in ji Kalilu. "Ashe dai kana da hankali, mutane ne ba su sani ba. Motar da ake shiga kullum, shi ne daidai da ita. Ka riƙa duban lagireto kada ruwa shi ƙare, kuma ban da fetur ɗin bakin hanya."

Mutuminmu ya yi murmushi a ransa. Shi dai ya san ya ɗauke babba, ya bar wa Kalilu ƙanana.

Da safe ya kama hanyar Argungu. Kai! Mota ta zama amarya. Hawa ba nishi, gangara ba tari. Masu nono suka ɗaga hannu za su gaishe shi, sai ƙura suka gaisa da ita. A dawowa ya cim ma wata babbar mota ɗauke da albasar Augie, ya wuce ta, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Daɗi ya kama shi, ya tsaya gefe ya jira ta wuce, ya sake wuce ta.

Yana cikin wannan murna idonsa ya faɗa kan agogo. Allura tana tsaye cikin kore, ko rabin fuskar ba ta kai ba. Ya taka totur, ta ɗan girgiza, ta tsaya inda take. Ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, kamar yadda yake bugun gefen mudu shinkafa ta zauna. Ba ta motsa ba.

Ko kasuwa bai je ba, sai gareji.

"Kalilu! Ni za ka yi ma rabin mudu? Ni?"

"Wane mudu kuma?"

"Zo ka gani. Ga kwano, ga inda ka tsaya da awo. Duk wanga wuri na sama, iskar wa ce? Wa ka aje ma ita?"

"Ba a cika shi, Malam. Nan ne lahiya. Rawaya ta masu tsere ce. Ja kuwa, ko masu tsere tsoronta suke."

"In ba a cika shi, don mi anka yi shi da girma haka?"

Kalilu ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Ya ce fulin in ya ƙanƙance, bulowa ta fi juyawa, iska ta fi yawa, zafi ya fi yawa. Ya ce injin nan tsohuwar tukunya ce, tana dafa tuwo lafiya a kan wutar kara, amma in aka kai ta maƙera fashewa za ta yi.

Duk cikin maganar nan abu ɗaya mutuminmu ya ji.

"Wato ƙaramin ya hi ba da iska?"

"I."

"Kuma ka gan ni na ɗauki babba kay yi shiru, har da madalla?"

"Don shi ne daidai da kai!"

"Allah Ya isa ban ce ba, Kalilu, amma na kusa."

Don a zauna lafiya Kalilu ya sa masa na tsakiya. Aka tada mota, aka taka, bulowa ta fara wani siririn kuka, allura ta hau ta shiga rawaya. Mutuminmu ya sunkuya ya leƙa agogon ta gefe, ido ɗaya a rufe.

"Ya cika baki. Saura tozo."

"Malam, wallahi nan ne ƙarshe. In an wuce nan gasket ƙonewa zai yi, fistin shi narke."

Mutuminmu ya yi dariya. Shekara da shekaru yana cikin kasuwa, wace irin magana ce bai ji ba? Kowane mai kaya haka yake cewa. Nan ne ƙarshe, wallahi hasara nake yi, ko ɗan'uwana ba zan bar masa haka ba. Shi da kansa yana faɗa sau da yawa kafin azahar.

"Na jiya, albarka. To ƙara kaɗan."

"Ba ciniki nike da kai ba!"

"Haka ake cewa. Ƙara."

"Injinka zai hwashe!"

"Wanga salo sabo ne, zan riƙa yi ma masu sayen shinkahwa. Ƙara."

Kalilu ya ce ba zai ƙara ba. Mutuminmu ya ce to shi ke nan, akwai makanikai a Jega. Ya juya ya kama tafiya a hankali, kunne a baya, yana jiran a kira shi. Ya kai bakin titi, ba a kira shi ba. Ya tsaya ya gyara hula. Ba a kira shi ba. Ya tsallaka titi, ya sayi rake, ya shanye, sannan ya tuna motarsa tana cikin garejin. Ya dawo.

"Kai dai mugun ɗan kasuwa ne, Kalilu. Na yarda ka hi ni."

Kalilu ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ga la'asar tana neman wucewa. Ya kira mai faci da mai shayi na maƙwabta, ya ce su zama shaida ya faɗa, ya sake faɗa, ya kuma faɗa. Suka ce sun ji. Sannan ya ɗaura ƙaramin fulin nan mai kamar bakin kofi. Amma ya yi dabara, ya sassauta wani ɗan bututu a gefe, wanda in iska ta yi yawa take fita ta nan, ko Allah zai sa inji ya tsira.

Mutuminmu ya kai mota gida, ya tsaya a ƙofa ya ɗan taka totur don maƙwabta su ji. Sai ya ji "fssss". Ya sake takawa. "Fssss." Ya buɗe bonet, ya bi da tafin hannu har ya gano inda iskar ke busowa.

Hajaratu ta leƙo daga zaure ta tarar da shi da totuwar masara, da tsumman buhu, da waya.

"Malam, mi kake cusa ma mota?"

"Buhu na zuba, Hajaratu. Na sai iska, ɗan banzan ga ya bar mini huji a gindi. Tun daga gareji nike zubda ita bisa titi."

"Ko dai da dalili anka bar shi?"

"Dalilin shi ne in koma in ƙara saye."

Ya dunƙula totuwa cikin tsumma, ya tura, ya buga da dutse, ya naɗe da waya. Ya taka. Babu "fssss". Allura ta yi tsalle ta shiga ja, kajin unguwa suka watse.

"Yauwa," in ji shi. "Yanzu anka yi awo."

Ranar ɗaurin aure suka yi sammako, shi da Hajaratu. A tafiya ko kaɗan bai taka ba, lallaɓawa ya yi ta yi kamar mai ɗauke da ƙwai. Hajaratu ta ce ina gudun da ake ta magana. Ya ce iskar Baba ce, ba zai taɓa ta ba sai mai ita ya shigo.

Suka tarar da tsoho a ƙofar gida ya shirya, babbar riga, rawani fari sabo, tasbaha a hannu, ga kwandon banda na gudummawa. Mutuminmu ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, kai a ƙasa. Tsoho ya amsa yana kallon wata bishiya. Kun dai san tsakanin suruki da suruki, ba a haɗa ido, ba a doguwar magana, abin da za a faɗa sai a bi ta kan ɗiya.

Tsoho ya dubi tukunyar da ta leƙo ta bonet.

"Auta, motar mai gidanku ƙari ya hito mata?"

"Gyara ne, Baba."

"Allah Ya sawwaƙe."

Tsoho da Hajaratu suka shiga baya, kwandon banda a tsakaninsu. Mutuminmu ya tura takalmansa ƙarƙashin kujera, don ba zai sa takalmi a gaban Baba ba. Ya kama madubin tsakiya ya juya shi sama yana kallon rufi, kada garin duba baya ya haɗa ido da suruki. Hajaratu ta karanta addu'ar hawa abin hawa, suka shafa.

Cikin gari lafiya lau. Suna fita Argungu, hanya ta miƙe, mutuminmu ya ce bismillah, ya taka har ƙasa.

Bulowa ta rangaɗa wata irin guɗa. Mota ta ɗaga hanci. Tsoho ya manne da kujera, kwandon banda ya hau cinyarsa da kansa. Itatuwan bakin hanya suka haɗe suka zama katanga ɗaya. Wasu mata a bakin rijiya suka ji guɗar suka amsa, sun ɗauka amarya ake kaiwa.

Tasbahar tsoho da take tafiya ɗaya bayan ɗaya ta koma bibbiyu. Amma namiji ne, masunci ne, ya yi kokawa da giwan ruwa a kogin Matan Fada, ba zai ce yana jin tsoro a gaban mijin ɗiyarsa ba. Ya yi gyaran murya.

"Auta, ce ma mai gidanku da sauran lokaci."

"Malam, Baba ya ce da sauran lokaci."

"Ce ma Baba in sha Allahu har ragowa za a samu."

Suka cim ma wata motar haya, suka wuce ta kamar an kafe ta. Suka cim ma garken shanu a gefen hanya, Bafulatanin bai gama ɗaga sanda ba sun ɓace. Iska ta shigo ta taga ta kama bakin rawanin tsoho, ta fara warware shi. Kan tsoho yana juyawa, rawani yana fita, har ya miƙe a bayan mota kamar tuta. Mutanen Alwasa suka tashi tsaye, sun zaci wani babba ne ya wuce.

Sai inji ya fara wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana suyar gyaɗa a kasko.

"Malam, mi ke ƙara haka?"

"Tauna ce. Ya samu abinci, ci yake."

Ƙasan motar ya ɗauki zafi. Mutuminmu ga shi ba takalmi. Ƙarfen totur ya fara gasa masa tafin ƙafa, sai ya koma canji, ya taka da dama, ya ɗauke ya taka da hagu, ya ɗauke ya taka da dama, kamar mai tsallaka rairayi da tsakar rana a bazara. Duk canji mota ta zabura. Duk zabura kan tsoho ya gaisa da rufi. Bandar da ke kwando ta ji ɗumi ta fara ƙamshi kamar yanzu aka sauke ta daga wuta.

Tasbaha ta koma hannu-hannu. Tsoho ya juyo wajen ɗiyarsa.

"Auta, ce mishi an gode. Ya isa haka. Allah Shi yi albarka."

"Malam! Baba ya ce an gode, ya isa!"

Wayyo. Da tsoho ya san da wa yake magana, da bai faɗi haka ba. Mutumin da ya tashi a kan mudu, in mai saye ya ce an gode ya isa, ai lokacin gyara ne ya yi. Hawayen daɗi suka cika masa ido. Yau shi Baba yake sa wa albarka.

"Ce ma Baba wannan awo ne. Ga gyara nan tahe."

Ya haɗa ƙafa biyu ya danne.

Abin da ya biyo baya, mutanen Zauro har yau ba su daidaita a kansa ba. Wasu sun ce mota ce, wasu sun ce jirgi ne ya yi ƙasa-ƙasa. Hayaƙi fari ya turnuƙe a baya, mutuminmu bai gani ba, madubi na kallon rufi. Tururi ya fara fitowa ta gefen tukunya. Allura ta ratsa ja, ta kai ƙarshe, ta jingina da 'yar ƙusar da ke tare ta, ta yi ta rawa, ta yi ta rawa, har ƙusar ta karye. Ta zagayo ta ƙasa ta sake fitowa cikin kore.

"Alhamdu lillahi!" in ji mutuminmu. "Hajaratu, kwantad da hankalinki, mun dawo kore. Kalilu da bakinai yac ce kore lahiya ce."

Hajaratu kam ta riga ta shiga kalmar shahada. Tsoho kuwa ya ajiye kunya gefe guda, ya miƙa hannu, karo na farko tun da aka ɗaura auren ɗiyarsa, ya damƙi kafaɗar surukinsa.

"Kai yaro! Tsaya!"

Mutuminmu ya ji hannun Baba a jikinsa, kunya ta rufe shi. Ya sunkuyar da kai ƙasa, ya rufe ido, ya ce, "Na'am, Baba."

Allah dai Shi ne mai tsarewa, don a daidai nan babu mai kallon hanya cikin su ukun.

Sai "tau!" Totuwar masara ta fice kamar harsashi, ta huda bonet, ta yi sama. Sai "dam!" Bonet ɗin da kansa ya tashi ya bi ta. Wani abu mai kamar gwangwanin madara ya fasa gefen inji ya fita, ya faɗa gonar albasa yana hayaƙi. Bel ya tsinke ya yi wa gilashi bulala. Baƙin mai ya wanke gilashin gaba ɗaya.

Sai shiru.

Amma mota ba ta tsaya ba. Gudun da ta tara ya ci gaba da tura ta, ba ƙara, ba guɗa, sai kukan taya. Mutuminmu ya leƙo da kai ta taga yana tuƙi. Suka ratsa Ambursa shiru kamar masu zuwa ta'aziyya. Suka yi ta gangarawa, tana ragewa, tana ragewa, har ta zo bakin Birni ta tsaya da kanta a gaban wani manomi da ke kan amalanken shanu.

Tsoho ya buɗe ƙofa ya sauko. Ya rarrafa gefen hanya, ya dubi gabas, ya kai goshi ƙasa, ya daɗe. Hajaratu ta janyo abin da ya rage na rawani ta taga, rabinsa ya zama baƙi, da ƙaya, da gashin zabuwa.

Mutuminmu ya zagaya gaban mota ya leƙa. Inda inji yake dā, yanzu ana hango ƙasa ta tsakiyarsa. Ya daɗe yana kallo.

"Hajaratu, kin gani ko? Wani hujin ne. Kalilu bai iya ɗinki ba."

Manomin nan mutumin kirki ne. Ya kwance amalanke, ya ɗaura wa motar igiya, ya haɗa da bijimansa biyu. Aka tallabi tsoho aka mayar da shi kujerar baya, don ba ya iya takawa. Manomi ya ce "haa!" shanu suka ja.

Tafiya ta yi daɗi. Ba ƙara, ba zafi, ba girgiza. Iskar fadama tana shigowa a hankali ta taga. Mutuminmu yana riƙe da sitiyari, fuska duk baƙin mai, yana kallon wutsiyar shanu. Tsoho ya naɗa guntun rawaninsa, ya ɓare goro, ya ba manomi rabi ta taga. Tasbaha ta dawo ɗaya bayan ɗaya. Kafin a kai kasuwa har ya yi ɗan gyangyaɗi.

Haka suka shiga Makera, yara na biye da su. Kuma don Allah Ya nufa, saboda gudun da aka yi da farko, sun riga liman isowa. Ana shimfiɗa tabarmi ma suka tarar. Aka ɗaura aure, aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino. Mutuminmu yana can gefe a rakuɓe, kowa ya zo sai ya leƙa motar ya ce "sannu", ya koma bayan rumfa ya yi dariya.

Da aka watse, Alhaji Maiwada ya matso da farar motarsa har gaban tabarmar tsoho. Ya fito, ya cire takalmi, ya buɗe ƙofar baya, yana satar kallon mutuminmu ta gefen ido.

"Baba, bismillah, in maishe ka gida. An wahalshe ka yau."

Tsoho ya tashi da sanda. Ya dubi motar, tana ta ƙyalli, inji na kaɗawa a hankali.

"Wagga tana gudu?"

"Haba Baba! Kamin ka gama tauna goro muna Argungu."

Tsoho ya gyaɗa kai. Ya juya, ya taka a hankali har inda motar mutuminmu take, ba bonet, mai na ɗiga, bijimai na cin harawa a gabanta. Mutuminmu ya zabura ya buɗe ƙofa, baki har kunne. Tsoho ya shiga, ya gyara riga, ya jingina, ya ciro tasbaha.

Alhaji Maiwada ya biyo shi da gudu, takalmi a hannu.

"Baba! Baba, ai wagga ta mutu!"

Tsoho ya ja ƙofa ya rufe, ya leƙo ta taga.

"Shi yas sa."